Wasiƙa ga Autata: Kafin Ki Fara Zuwa Awo

Garwa

Auta,

Bayan gaisuwa, da fatan kina lafiya, ke da mai gidan naki. Ya Kusiri? Mu nan damina ta kankama, Binuwai har ta fara cika.

Ranar da muka yi waya kin ce in Allah Ya kawo rabo, sai kin fara zuwa awo za ki soma shan ƙwayoyin asibiti irin su folik asid. Na yi shiru ne don babanki yana zaune kusa, amma maganar ta tsaya mini a rai. Na tsufa ina koya wa 'ya'yan wasu darasin yadda ɗan tayi yake ginuwa a lise, wato sakandare, ke kuwa ban taɓa zaunar da ke ba.

A mako na uku da shigar ciki, ɗan tayi bai kai ƙwayar riɗi ba. Wani fefe a bayansa yakan naɗe kamar tabarma ya zama bututu, wajen kwana 28 bakunansa biyu sun rufe. Sama ta zama ƙwaƙwalwa, saura ya zama laka. Ki lissafa: ɓatan watan bai wuce mako biyu ba, mace tana cewa ko lissafi ne ya rikice mata.

Ƙwayoyin halittar da ke bangon bututun nan kamarsu ɗaya da farko, gadon halittar da ke cikinsu ɗaya. To me ya sa wata ta zama jijiya mai umartar tsoka, wata mai karɓar labarin zafi? Mazauni ne. Ƙarƙashin bututun, ta wajen ciki, akwai wani siririn tsinke, notokod, mai fitar da furotin da aka raɗa wa Sonic hedgehog, sunan wata bushiya ta wasan kwamfuta (masana ma ba su rasa shiririta). Ki ɗauke shi kamar kaskon turaren wuta a ƙuryar ɗaki: na kusa hayaƙi ya turnuƙe shi, na bakin ƙofa ƙamshi kaɗan yake ji. Kowace ƙwaya tana auna yawan abin da ya iso ta da daɗewarsa, sai ta kunna wani sashe na gadonta, ta danne wani. Da haka rabin bututun na ƙasa yake rabuwa sahu biyar. Sahu na biyu daga ƙasa shi ke haifar jijiyoyin motsi, waɗanda cutar shan inna take kashewa. Daga rufin bututun kuma wasu sinadaran, BMP da Wnt, suke sauka, su tsara masu karɓar saƙon taɓi da zafi. Wani masani, Lewis Wolpert, ya misalta irin wannan rabo a 1969 da tutar Faransa mai launi uku. Ni nakan ce wa ɗalibaina su dubi ta Chadi, ta fi kusa.

Lokaci ma yana da nasa hukunci. Sahun da ya haifi jijiyoyin motsi, in ya gama, sai ya koma haifar ƙwayoyin da ke naɗe jijiya kamar robar wayar lantarki. A ɓawon ƙwaƙwalwa mai hawa shida, 'yan fari ne a ƙasa, ƙanne su ratsa su su hau sama.

Kin ga abu mai tafiya da awo haka, kaɗan ya isa ya ɓata shi. A shekarun 1950 makiyaya a Idaho ta Amurka suka riƙa ganin tumakinsu suna haifar 'ya'ya masu ido ɗaya a tsakar goshi. Ashe wani ganye ne tunkiya take ci a wajen kwana 14 da ɗaukar ciki. Sai bayan shekara kusan 40 aka gane sinadarinsa toshe saƙon kaskon nan yake yi. Shi ya sa saiwoyi da haɗe-haɗen da gwaggonninki za su aiko, ki karɓa da hannu biyu, ki yi godiya, ki ajiye. Na kantin magani ma kar ki sha sai likita ya san kina neman haihuwa.

Sai folik asid, wanda za ki ga an rubuta acide folique a kwali. Shi aikinsa taimaka wa bututun ya rufe. In bai rufe ba, a haifi yaro da kumburi a gadon baya, ƙafafu ba ƙarfi. Na ga guda a unguwarmu, uwar tana ta zargin kishiya. Binciken da aka jagoranta daga Birtaniya, aka fitar a 1991, ya nuna ƙwayar ta rage maimaituwar matsalar da kashi 72 cikin 100 ga matan da suka taɓa gamuwa da ita. Ga irinki, maikirogiram 400 ne kullum, kuma tun kafin ciki ake farawa. Wake, gyaɗa da alayyafo suna da shi, sai dai yadda muke dafa ganye har ya mutu, abin da ya rage bai taka kara ya karya ba.

Na sa kwalin wata uku cikin kayan da zan ba direba ran Alhamis, ƙarƙashin kilishin. Ki fara ranar da ya iso. Ki gaida mai gidan naki da surukarki.

Innarki