Takardar Koke ga Mai Martaba Sarkin Hausawan Agege kan Tsadar Yunifom da Korar Yara daga Aji

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Hausawan Agege, Jihar Legas.

Daga iyayen yara 'yan firamare mazauna Zango, Isale Oja, Dopemu, Oko-Oba da kewaye.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa ta girmamawa da addu'ar Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nisan kwana, mu iyaye maza da mata mun ga lokaci ya yi da za mu kawo kukanmu fada a rubuce. Mun daɗe muna maganar nan a ƙofar masallaci bayan isha'i, matanmu na yin ta a gidajen suna, amma a nan take tsayawa. Kukan namu shi ne ana mayar da 'ya'yanmu gida daga ƙofar makaranta saboda tufafi, kuma kuɗin tufafin ya kai matsayin da magidanci mai neman na yau da gobe ba zai iya ba.

Ba mu zo neman a soke yunifom ba. Muna son sa, mun kuma san amfaninsa. Shi ke sa ɗan mai tireloli da ɗan mai dako su zauna benci ɗaya ba a gane wane ne wane ba, kuma a gari irin Legas, idan yaro ya ɓace a cikin cunkoso, rigar jikinsa ce ke faɗa wa mutane inda za a mayar da shi. Abin da ya dame mu shi ne yadda aka mayar da shi hanyar kasuwanci, musamman a ƙananan makarantu masu zaman kansu da yawancin yaranmu ke zuwa.

Lokacin da mu muka yi firamare, a nan ko a Arewa, riga ce da wando, mace kuma riga da siket ko wando. Yanzu takardar da ake ba uba a farkon shekara sai ya zauna ya karanta ta. Akwai kayan Litinin da Talata, akwai kayan wasanni na Laraba, wasu makarantun sun ƙara wata riga ta Alhamis, ga atamfa ta ranar Juma'a. Bayan su ga suwaita, ga safa mai sunan makaranta a jiki, ga laktaye ga yaron da bai ma iya ɗaura maɓalli ba, ga hijabi mai tambari. Kuma duka a ofishin makaranta za a saya, a kan kuɗin da mai makaranta ya yanka, babu tayi babu ragi. Uba ba shi da ikon ya shiga kasuwar Agege ko Oshodi ko Balogun ya yanko yadi ya kai wa telansa, alhali a unguwannin nan muna da teloli masu ɗinka babbar riga da aikin wuya, waɗanda rigar ɗan aji biyu ba za ta ɗauke su rabin yini ba. Da ma a ce abin da ake sayar mana mai kyau ne, da da sauƙi. Sau da yawa yadin shara-shara ne, wanki kaɗan ya koɗe, hammata ta ɓarke kafin zango ya ƙare.

Wanda ya fi ci mana rai shi ne sauya launi da fasali. Ranka ya daɗe ka san gidan Bahaushe. Mai 'ya'ya biyar ko shida ba ya ɗinka wa kowa sabo kowace shekara. Kaya sauka suke yi daga wa zuwa ƙane, daga ya zuwa ƙanwa, uwa ta kwance naɗin ƙafar wando ko ta rage shi, a ci gaba. Da wannan dabara iyayenmu suka yi mana karatu. To idan makaranta ta ce bana shuɗi ya zama ruwan ƙasa, ko an sake bajo, ko an sake wuyan riga, duk abin da uwa ta wanke ta ninke ta ajiye a akwati ya tashi aiki a rana ɗaya. Kaya masu sauran rai su zama tsumma, kuma babu wanda ya tambaye mu kafin a yanke.

Wannan kuwa na zuwa ne a lokacin da kowa ya san halin da ake ciki. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, aka kuma saki darajar naira, kuɗin mota, abinci da haya suka tashi, yadi ma ya bi dala tun da akasarinsa daga waje ake shigo da shi. A 2024 Gwamnatin Legas ta sanar da naira 85,000 a matsayin mafi ƙarancin albashin ma'aikatanta, amma mu ba 'yan albashi ba ne. Mahauta ne a kwatar Oko-Oba, 'yan gwari da 'yan dako a Mile 12, masu gadi, masu shayi, masu gyaran takalmi, masu ƙaramin kanti. Da yawa daga cikinmu 'yan acaba ne da hanin da aka yi a Ikeja da wasu ƙananan hukumomi tun watan Yuni na 2022 ya rage musu wurin nema. A watan Satumba kuɗin makaranta da na littattafai da na yunifom suke haɗuwa su faɗo wa mutum lokaci guda. Akwai magidantan da ke zaɓen wanda zai koma makaranta a cikin 'ya'yansu da wanda zai jira sai wani zangon, kuma sau da yawa 'ya mace ce ke jira.

Bari mu faɗa wa Sarki yadda korar ke faruwa, don wanda bai gani ba zai ɗauka ƙaramin abu ne. Yaro na da kayan Litinin da Talata guda ɗaya tak. Ya dawo da yamma da taɓo a jiki, uwa ta wanke ta shanya a igiyar lungun gidan haya, inda igiya ɗaya ke ɗauke da wankin ɗakuna goma. Damina ce ta Legas, ruwa ya kwana yana zuba, babu wuta. Da asuba ta taɓa riga ta ji ta sharkaf. Ta hura gawayi a dutsen guga ta yi ta dannawa, wuyan riga da ƙugun wando suka ƙi bushewa. Sai ta sa masa kayan Laraba ranar Talata, ko kayan gida masu tsabta, ta ce ya gaya wa malama abin da ya faru. A bakin get ba a saurare shi ba, aka ce ya koma. Uba ya fita kasuwa tun kafin gari ya waye. Yaron na tsoron faɗa idan ya koma gida, sai ya rataya jakarsa ya yini a gefen layin dogo ko a ƙarƙashin gadar Pen Cinema, har ya ga 'yan makaranta sun fara fitowa, ya bi su kamar shi ma daga aji yake. Yaro ɗan shekara bakwai ko takwas ke nan, a wurin da jirgin ƙasa ke wucewa, a cikin 'yan tasha da masu shaye-shaye, kuma babu babba ko ɗaya, a gida ko a makaranta, da ya san inda yake.

Yaron da aka kora sau uku sau huɗu a gaban 'yan ajinsu, kunya ke hana shi son komawa. Kafin a ankara ya fara sayar da fiya wata a gosulo, yarinya kuma ta ɗauki tiren talla. Daga baya a ce Hausawa ba sa son boko. Wannan magana tana mana ciwo, Ranka ya daɗe, domin mu muka kai yaran nan da ƙafarmu, muka biya abin da za mu iya, safa ko launin riga ya fitar da su.

Dokar ilimin bai ɗaya ta ƙasa ta 2004 ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare, shekara tara, kyauta ne kuma dole ne ga kowane yaro. Ta ɗora wa iyaye alhakin kai 'ya'yansu, har ta tanadi hukunci ga wanda ya ƙi: gargaɗi a karon farko, tara ko ɗauri idan ya sake. Ta hana karɓar kuɗi a makarantun gwamnati a kan abubuwan da ta ce kyauta ne, wato littattafai, kayan koyarwa, aji, kujeru da abincin rana. Mun san yunifom ba ya cikin wannan jeri, don haka mun yarda nauyinmu ne. Amma babu inda dokar ta ce sai mai cikakken yunifom ke da haƙƙin karatu. Idan za a hukunta uban da ya bar ɗansa a gida, bai kamata a zuba ido ga wanda ya mayar da yaron gida bayan uban ya kai shi ba. Ko a makarantun gwamnati, inda ba a biyan kuɗin zango, mukan ga an tare yaro a ƙofa saboda takalmi ko safa.

Sai batun hijabi. An yi shekaru ana shari'a a kansa a jihar nan: Babbar Kotun Legas ta goyi bayan hani a 2014, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke hukuncin a 2016, sannan Kotun Ƙoli ta tabbatar ranar 17 ga Yuni, 2022 cewa ɗaliba Musulma na da 'yancin sa hijabi a makarantun gwamnatin Legas. Mun gode wa Allah da waɗanda suka tsaya. Abin da muke roƙo yanzu shi ne kada haƙƙin da aka sha wuya kafin a samu ya koma abin saye da tsada. A faɗi launi da tsawo, uwa ta ɗinka. Hijabi fari ko shuɗi ba ya buƙatar tambari kafin ya rufe kan yarinya.

Ba mu ɗauki masu makarantu abokan gaba ba. Makarantun firamare na gwamnati a duk jihar sun ɗan haura dubu ne kawai, masu zaman kansu sun ninka su sau da yawa, kuma da babu su da yaranmu da dama suna gida. Muna kai yara can ne saboda kusa, don kada ƙaramin yaro ya riƙa tsallaka babban titin Abeokuta, kuma saboda wasunsu suna haɗa boko da karatun Alƙur'ani. Mun san suna biyan haya, suna sayen mai a janareta, suna biyan malamai. Idan kuɗin zango ba ya isa, su kira mu su faɗa mana a fili, mu zauna mu duba. Ƙarin da aka faɗa a fili mutum zai iya shirya masa. Wanda aka ɓoye a cikin kuɗin safa da suwaita shi ne ke karya amana tsakanin uba da malami. Kuma wasu daga cikin masu makarantun nan 'yan uwanmu ne, sahu ɗaya muke tsayawa ranar Juma'a. Shi ya sa muka fara da fada kafin ko'ina, don maganar Sarki tana isa inda tamu ba ta isa.

Roƙonmu na farko, kuma mafi girma, shi ne Sarki ya kira masu makarantu da hedimastoci da limamai da wakilan iyaye, har da mata, tun da su ke wanki da guga, a yi zama a fada kafin sabuwar shekarar karatu, a fito da yarjejeniya cewa ba za a ƙara mayar da yaro gida saboda tufafi ba. Idan kayansa ba su cika ba, ya shiga aji ya yi karatunsa, a kira uban a waya ko a ba yaron takarda. Idan ma akwai dalilin da ya sa dole yaro ya bar makaranta kafin a tashi, kada a sake shi a titi sai wani nasa ya zo. Ko wannan kaɗai aka samu, an rage mana babban tashin hankali.

Bayan haka muna roƙon a bar iyaye su sayi yadi su kai wa telan da suka ga dama. Makaranta ta liƙa samfurin yadi da fasalin ɗinki a ofis, ta sayar da bajo kawai a kan kuɗi mai sauƙi. Wanda yake son ɗinkakke na makaranta ya saya da son ransa. A tsaya a kaya iri biyu, na aji da na wasanni. Kada a sauya launi sai an yi shawara da iyaye, kuma idan an sauya a bar tsohon ya ci gaba da aiki har ya ƙare a jikin masu shi. Rigar bikin yaye 'yan naziri da ankon bikin ƙarshen shekara su zama ganin dama. A 2025 Jihar Imo ta hana irin wannan biki ga 'yan naziri saboda nauyin da yake ɗora wa iyaye, don haka ba sabon abu muke nema ba.

Muna kuma roƙon Sarki ya isar da wannan koke ga Sakataren Ilimi na Ƙaramar Hukumar Agege, da Hukumar Ilimin Bai Ɗaya ta Jihar Legas mai kula da firamaren gwamnati, da ofishin tabbatar da ingancin ilimi na jiha mai sa ido a kan makarantu masu zaman kansu, domin a fitar da umarni a rubuce. Maƙwabtanmu Yarabawa da Ibo suna kuka da wannan matsala kamar yadda muke yi, kuma mun tabbata idan fada ta tuntuɓi sarakunan gargajiya na Agege za ta samu goyon baya.

Mu ma akwai abin da za mu ɗauka. Mun yi alkawarin tura yara cikin tsabta da kan lokaci. Idan Sarki ya amince, za mu ware wuri a fada ko a masallacin Juma'a inda duk wanda ɗansa ya gama firamare ko kaya suka yi masa kaɗan zai kawo su a wanke, a raba wa marayu da masu ƙaramin ƙarfi ba tare da an tozarta kowa ba. Teloli daga cikinmu sun ce za su yi rangwame idan aka tara musu ɗinkin tun lokacin hutu, kafin cunkoson Satumba.

Duk ranar da fada ta sa mana, za mu zo da rasiɗai da takardun da makarantu suka ba mu, da kayan da aka sayar mana, Sarki da 'yan majalisarsa su duba da idonsu. Sunayenmu da sa hannunmu suna cikin takardar da muka haɗa da wannan.

Allah ya ja zamanin Sarki, ya taya shi riƙo.

Mu ne naka masu biyayya,
Iyayen yara 'yan firamare na Agege da kewaye.