Zuwa ga masu amfani da intanet ɗinmu: dalilin da ya sa za mu dakata da karɓar sababbin gidaje

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu na Kabuga, Janbulo, Rijiyar Zaki da Ɗorayi, muna gaishe ku da fatan alheri. Ya iyali, ya kasuwa, ya karatu?

Daga farkon wata mai kamawa za mu daina ɗaura wa sababbin gidaje da shaguna eriya a kan duk ƙarfen sabis ɗinmu da ya cika, har sai mun faɗaɗa shi. Kuɗin wata ma zai ɗan ƙaru. Mun ga ya fi dacewa ku ji wannan daga bakinmu tare da dalilinsa, tun da da kuɗinku ake tafiyar da aikin nan.

Bari mu fara da yadda intanet ke isowa ɗakinku, domin a nan maganar take. Manyan wayoyin da ke ƙarƙashin teku a Legas mafi yawansu suke fitowa. Daga can wayar fayiba ke ɗauko shi ta ƙarƙashin ƙasa har Kano. Mu sari muke yi: muna sayen wani adadi na megabit, wato ma'aunin gudun intanet, daga babban dillali, mu biya kuɗinsa duk wata ko an yi amfani da shi ko ba a yi ba. Daga ofishinmu sai mu harba shi ta iska zuwa ƙarafunanmu, daga ƙarfe kuma zuwa ƙaramar eriyar da ke kan rufinku.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, eriyar da ke saman ƙarfe bi da bi take yi wa gidaje hidima. Ta ba wannan nasa, ta juya ga wancan, cikin saurin da ido ba ya gani, shi ya sa kowa yake jin kamar shi kaɗai ne a layi. Kamar famfon unguwa ne: ruwa ɗaya, jarkoki da yawa. Idan layi ya yi tsawo kowa zai jira, idan kuma aka samu mai jarka mai ƙaramin baki, ya daɗe yana tara, duk na bayansa sai sun jira shi. Gidan da siginarsa ta yi rauni, ko don darbejiya ta tare shi ko don an gina bene tsakaninsa da ƙarfe, shi ne mai irin wannan jarka. Saƙon da ya kamata ya wuce nan take sai an maimaita masa, kuma lokacin da ake ɓatawa a kansa daga rabon maƙwabtansa ake cira. Wannan ne ya sa wani lokaci yaranmu suke hawa rufi su duba, su sauko su ce wa mai gida a yi haƙuri, ba za a ɗaura ba. Mun san abin yana ɓata rai, musamman mutum ga kuɗinsa a hannu. Amma idan muka karɓa, shi ba zai ji daɗi ba, mutum ashirin ɗin da ke tare da shi ma ba za su ji ba.

Da rana ba a cika ganin matsala ba. Masu POS da masu shagon buga takardu ba sa jan kaya mai nauyi. Bayan sallar isha'i ne ake gane ƙarfen da ya cika: magidanci ya kunna ƙwallo, uwargida tana kiran bidiyo da 'yan uwa a Saudiyya, yara suna YouTube, ɗaliban Jami'ar Bayero suna sauke darussa. A wannan lokacin muke auna kanmu. Wasu ƙarafunanmu sun kai inda idan aka ƙara gida goma, ku da kuka daɗe tare da mu za ku fara ganin bidiyo yana tsayawa. Ba mu yarda mu sayar wa baƙo abin da muka riga muka sayar muku ba.

Akwai masu ba mu shawara, kuma da kyakkyawar niyya suke yi, cewa kasuwa ba ta son jira: mu saka talla a rediyo, mu biya Facebook, mu raba takardu a ƙofar masallacin Juma'a, mu rubuta babbar lamba ta gudun intanet don jan hankali. Mun saurare su. Sai dai idan muka duba littafinmu, mafi yawanku ba takarda ce ta kawo ku ba. Wani ya shiga shagon abokinsa ya ga abin yana aiki, wata ta ji a bakin maƙwabciyarta a gidan suna. Ƙaramin kamfani irin namu da ke aiki a unguwanni huɗu, inda mai kamfani ke haɗuwa da abokan cinikinsa a sahun sallah da wajen jana'iza, ba shi da inda zai ɓoye idan ya yi alkawarin da bai cika ba. Don haka kuɗin da za mu kashe a talla a bana, batir da sababbin eriyoyi za mu saya da shi. Duk takardar da za mu buga nan gaba kuma, gudun da za ku samu da ƙarfe tara na dare za mu rubuta a kai, domin shi ne wanda kuke biya saboda shi.

Maganar ƙarin kuɗi ba ta buƙatar dogon bayani, kowa a cikin ƙasar nan yake. Na'urorin MikroTik da Ubiquiti da muke aiki da su da dala ake shigo da su. Kafin watan Yunin 2023 dala a hukumance tana wajen naira 460, a farkon 2024 ta haura 1,500. An cire tallafin fetur a watan Mayun 2023. A watan Afrilun 2024 aka mayar da kuɗin wutar rukunin Band A, wato masu samun wuta fiye da kowa, naira 225 kowane yunit. Sannan a watan Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su yi ƙarin da ya kai kashi 50 cikin ɗari. Namu ƙarin bai kai haka ba, kuma kowa zai samu saƙo a wayarsa da sabon farashin tsarinsa kafin ranar biya. Wanda ya riga ya biya na watanni a gaba, ba za a taɓa shi ba sai kuɗinsa ya ƙare.

Ga inda kuɗin zai tafi. Duk wanda ke Kano a watan Oktoban 2024 bai manta da duhun da Arewa ta shiga na fiye da mako guda ba, lokacin da manyan layukan da ke kawo wuta suka lalace. Ƙarfen sabis ba ya cin wuta da yawa, amma yana buƙatarta dare da rana ba yankewa. Muna so kowane ƙarfe ya iya kwana ya wuni da sola da batir kaɗai, ko da hazon hunturu ya rufe rana, ƙura ta kwanta a kan faranti. Na biyu, hanya ta biyu ta shigowar intanet. Ranar 14 ga Maris 2024 manyan wayoyin teku huɗu, WACS, MainOne, SAT-3 da ACE, suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, har bankuna suka kasa aiki yadda ya kamata. Irin wannan ba kullum yake faruwa ba. Abin da ya fi yawa shi ne katafila ta tsinke fayiba a wajen aikin titi. Muna shirin ƙulla ciniki da dillali na biyu wanda wayarsa ta bi wata hanya daban, yadda idan ɗaya ta yanke ɗayar za ta riƙe mu.

Wasunku sun tambaye mu game da Starlink, intanet ɗin da ke zuwa ta tauraron ɗan Adam, wanda ya fara aiki a Najeriya a watan Janairun 2023. Amsarmu ita ce, ga mai gona ko makaranta a bayan gari inda babu ƙarfe kusa, abu ne mai amfani ƙwarai, kuma mun sha ba mutane shawarar su saya. A cikin gari, lissafi ne na kowa da aljihunsa: akwai kuɗin na'ura tun farko, akwai na wata. Abin da muke da shi shi ne kusanci. Idan iska ta karkatar da eriyarku da daddare, wanda zai hau rufin da safe ɗan unguwarku ne, kun san gidansu.

Damina na tafe, muna da roƙo. Idan hadari ya haɗu aka fara tsawa, a cire wayar da ta sauko daga rufi daga jikin ƙaramin akwatin wutarta, a cire rauta, wato na'urar da ke raba wayfay a cikin gida, daga soket. Tsawa ba sai ta faɗo kan gida take ƙona na'ura ba, ko kusa ta sauka ya isa. Kada a juya eriya da hannu don neman sabis, an saita ta ne tana kallon ƙarfe daidai, ɗan kaucewa kaɗan yana rage mata ƙarfi. Idan reshen bishiya ya tsiro a gabanta, a kira mu. Rauta kuma a ajiye ta a sarari a tsakiyar gida, a ɗan sama, domin bangon siminti da ƙofar ƙarfe suna cinye wayfay, kuma sau da yawa ƙorafin da ake kawo mana a nan yake ƙarewa. Lambar sirrin wayfay, don Allah, a san wanda ake ba. Gida ɗaya da ya raba wa rabin layi yana jan abin da aka tanada wa gidaje da yawa.

Duk ranar da sabis ya ɗauke daga ɓangarenmu ya wuni bai dawo ba, za mu ƙara muku ita a kan watanku ba sai kun nema ba.

Wanda maƙwabcinsa ko ɗan uwansa yake son shiga, a turo shi ofis ya rubuta suna da unguwa. Duba rufi kyauta ne, kuma bisa layi za mu bi da zarar an faɗaɗa ƙarfen yankinsa. Idan mutanen layi ɗaya suka haɗu suka zo tare, abin ya fi sauri, domin hakan ne ke nuna mana inda ya kamata mu kafa sabon ƙarfe. Mai gidan bene da zai iya ba mu aron rufinsa, muna son magana da shi, akwai ragin da za mu yi masa.

Ranar Asabar ta farkon wata bayan la'asar za mu zauna a ofis don amsa tambayoyi, za mu kuma buɗe kwamfuta mu nuna wa duk mai so yadda ƙarfen unguwarsa ke cika da daddare. Iyaye mata da ba za su samu fitowa ba, su aiko da saƙo ta WhatsApp a lambar da ke jikin rasit, za a kira su.

Allah Ya sa albarka a nema, Ya ba mu damina mai albarka.

Wassalam,
Masu kamfani da ma'aikata baki ɗaya.