Ga Masu Sha'awar Farfaɗo da Tsofaffin Motocin Amurka da Ƙaramin Ƙarfi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in yi magana da 'yan'uwanmu mazauna ƙasashen waje, musamman Amurka da Kanada, waɗanda sha'awar tsofaffin motocin nan masu ƙaton inji ta fara shiga zukatansu. Ina zaune ne a jihar Ohayo, ina aikin albashi, ina da iyali a nan da kuma waɗanda ke jiran aike a gida, kuma a garejin da nake haya akwai Chevrolet Nova ƙirar 1972 wadda nake farfaɗo da ita da hannuna. Matasanmu sukan tare ni bayan sallar Juma'a su tambaye ni ko wannan ba aikin masu kuɗi ba ne. Amsar da nake ba su ita ce, mai ƙaramin ƙarfi zai iya yin sa ba tare da ya ci bashi ba, muddin ya gane tun farko cewa ba inji ne ke cinye dukiyar mai gyara ba. Tsatsa ce, da takardu, da wurin ajiya.

Zamanin waɗannan motoci gajere ne. A 1964 kamfanin Pontiac ya ɗauko inji mai silinda takwas irin na manyan motocinsa, ya ɗora shi a kan matsakaiciyar mota, ya sa mata suna GTO, ya sayar da ita a farashin da matashin ma'aikaci zai iya biya. Da kasuwa ta karɓe ta, sai sauran kamfanoni suka bi sahu da Chevelle SS da Dodge Charger da Plymouth Road Runner, ga kuma Mustang da Camaro waɗanda suka ɗan fi ƙanƙanta. Kafin a cika shekara goma abin ya mutu, domin dokar tsaftace iska ta 1970 ta tilasta rage ƙarfin injuna, kamfanonin inshora sun tsauwala wa matasa kuɗi, sannan takunkumin man fetur da ƙasashen Larabawa suka sa a 1973 ya ƙarasa abin da ya rage. Ƙarancin shekarun ne ya sa wasu daga cikinsu suka zama kayan attajirai, har aka sayar da wata Plymouth Hemi Cuda ƙirar 1971 mai buɗaɗɗen rufi a kan dala miliyan 3.5 a wani gwanjo a 2014. Irin waɗannan ne ake nunawa a intanet, kuma su ne ke ruɗar masu tasowa.

Wanda ke ƙirga albashinsa ba shi da hurumi a wannan sahu, kuma bai rasa komai ba. Kamfanonin nan sun ƙera dubun dubatar motoci masu jiki iri ɗaya da na fitattun, sai dai an sa musu ƙaramin inji, ko kuma sun fito bayan 1971 lokacin da ƙarfi ya ragu, shi ya sa masu tara kayan tarihi ba su cika rububinsu ba. Na zaɓi Nova ne saboda ƙarafan da ke ɗauke da injinta da ƙafafunta na gaba kusan ɗaya ne da na Camaro ta farko, kuma injin Chevrolet mai lita 5.7, wanda kowa ke kira 350, an yi shi da yawan da har yau babu shagon kayan gyara da za ka shiga ka rasa gasket ɗinsa ko famfon ruwansa. Wanda ya ɗauki Dodge ko Plymouth ya shirya biyan fiye da haka a kan abu iri ɗaya, ko da yake ban musa cewa sun fi kyan tsayuwa ba.

Maganar tsatsa ce nake so in daɗe a kanta, domin mu da muka tashi a busasshiyar ƙasa ba mu san sharrinta ba. A Kano ko Maraɗi mota takan tsufa ta inji da ƙafafu, jikinta kuwa yana nan garau. A arewacin Amurka akasin haka ne, saboda duk hunturu ana watsa gishiri a kan tituna don ya narkar da ƙanƙara, ruwan gishirin nan kuma yana shiga kowane lungu na ƙarƙashin mota ya kwanta. Aikinsa irin na gara ne a jikin azara, waje lafiya lau, ciki ya zama gari. Saboda haka duk wanda zai je duba mota ya tafi da tocila da sukudireba da ƙaramin maganaɗisu, ya sa tufafin da ba ya jin ƙyashin kwanciya da su a ƙasa. Ya ɗaga shimfiɗar da ke ƙarƙashin ƙafar direba, ya fitar da safaya taya ya duba gindin but, ya shafa ƙasan gilashin baya inda ruwa ke taruwa, sannan ya shiga ƙarƙashi ya caki ƙarafan da sifirin na baya ke maƙale da su. Idan sukudireba ta nutse, ya yi sallama ya kama hanyarsa komai arahar motar. Maganaɗisun kuwa, a naɗe shi da ƙyalle a bi da shi ta bayan tayoyin baya da ƙasan ƙofofi. Duk inda ya ƙi kamawa, ba ƙarfe ne a wurin ba, cike rami aka yi da madarar gyaran bodi aka shafe da fenti. Na taɓa duba wata Chevelle ja mai sheƙi wadda maganaɗisu ya zame daga gefenta tun daga ƙofa har fitilar baya, mai ita yana tsaye yana rantse mini cewa ba ta taɓa ganin ƙanƙara ba.

Dalilin wannan tsanani shi ne lissafi. Injin da ya mutu ana iya sauke shi a ɗora wani na hannu cikin ƙarshen mako guda, amma yanke ruɓaɓɓen ƙarfe da walda sabo aiki ne na watanni, kuma a ƙasar nan ladan bakanike ko mai gyaran bodi yakan haura dala 100 a awa ɗaya. Ya fi sauƙi mutum ya sayi mota mai ƙonannen fenti da yagaggun kujeru daga Arizona ko yammacin Teksas, ya biya kuɗin ɗauko ta a tirela, da ya sayi mai ƙyalli daga maƙwabcinsa a Mishigan.

Takardu kuma ba wurin sassauci ba ne, balle ga baƙo wanda ko ƙaramar matsala da hukuma za ta iya taɓa zamansa. Kada a biya ko sisi sai an ga takardar mallaka ɗauke da sunan mai sayarwa, an kuma gwada lambar da ke cikinta da wadda ke manne a jikin motar, galibi a kan dashbod ta bayan gilashin gaba. Lambobin motocin da aka yi kafin 1981 ba su kai harafi 17 irin na yanzu ba, don haka kada gajartarsu ta tayar wa kowa da hankali. Daga 1972 kamfanin General Motors ya fara sa alamar inji a cikin lambar, abin da ke tona asirin masu manna tambarin SS, wato alamar samfurin mai babban inji, a jikin motar da aka haifa da silinda shida. Dokoki sun bambanta daga jiha zuwa jiha: a Ohayo sai mai sayarwa ya sa hannu a gaban jami'in shaida mai hatimi, a jihar Niyok kuwa motocin 1972 zuwa baya ba su da takardar mallaka irin wannan, takardar rajista ce ake miƙa wa mai saye. A nan Ohayo motar da ta haura shekara 25 tana iya samun lambar motocin tarihi da ɗan kuɗi kaɗan, sai dai ba a yarda a riƙa zuwa aiki da ita kullum ba.

Wurin aiki ma a tanade shi kafin a sayi mota, domin yawancin gidajen haya sun haramta gyara a filin ajiye motoci, kuma suna iya sa a janye motar da ba ta motsi, mai ita ya biya tara. Ni da wani ɗan'uwa daga Damagaram muke raba kuɗin hayar gareji da kayan aiki. Sifanonin da aka saba da su a gida na milimita ne, waɗannan motoci kuwa da inci aka auna notocinsu, amma ba sai an sayi komai ba, tunda manyan shagunan kayan gyara suna ba da aron kayan aiki na musamman idan an ajiye kuɗin jingina.

Inda mutane suka fi faɗuwa shi ne tsarin aikin. Da zarar mota ta iso sai ɗoki ya ɗebe su, su warware ta gaba ɗaya har ƙusa ta ƙarshe, su zuba a kwalaye, daga nan rayuwa ta shigo da hidimominta. Ga ɗan ƙasa wannan asarar lokaci ce kawai, amma mu da canjin aiki ko ƙarewar biza ko kiran gaggawa daga gida zai iya tayar da mu cikin wata guda, motar da ke cikin kwalaye ba ta da mai saye sai 'yan gwangwan. Ka'idata ita ce kada mota ta kwana fiye da 'yan makonni ba ta iya fita da ƙafarta ba. A fara da birki, a sauya tiyo da man birki da duk robar da ta bushe, kuma kada a hure ƙurar tsohon birki da iska, domin tana iya ɗauke da asbestos mai lalata huhu. Daga nan sai tayoyi, waɗanda ba a yarda da zurfin zanensu ba sai an karanta shekarunsu: lambobi huɗu na ƙarshe a gefen taya suna nuna mako da shekarar da aka yi ta, idan kuwa uku ne to tun kafin 2000 take. Sai tanki da hanyar mai, saboda fetur ɗin da ake sayarwa yanzu yawanci yana da kashi 10 cikin 100 na etanol, wanda ke cin tsohuwar roba, kuma ɗigon mai a kan inji mai zafi ya ƙone motoci masu yawa. Bayan haka a duba lagireto da wayoyi. Fenti shi ne na ƙarshe, idan ma an kai gare shi. Tawa har yanzu launi uku gare ta, kuma ban ga ta rage gudu saboda haka ba.

Abu biyu ba na wasa da su. Ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita sai an kafa mata ƙafafun ƙarfe, kuma ba a tayar da inji a rufaffen gareji komai tsananin sanyi, domin hayaƙin waɗannan motoci ba ya bi ta matatar da aka fara sa wa motoci a 1975, yana iya kashe mutum bai ji warin komai ba.

A wajen inji ne ɗan Arewa yake da rinjayen da bai san yana da shi ba. Duk wanda ya taɓa zama a garejin Peugeot 504 a Kaduna, ko ya yi yawon neman kaya a Panteka ko Ƙofar Ruwa, ya ga yadda ake warware kafireto a wanke shi da fetur a cikin gwangwani, a goge bakin kwantak, a saita wuta da kunne. Injin Nova ba shi da kwamfuta ko guda, kuma ilimin nan ne dai yake buƙata, alhali matasan kanikawan Amurka da yawa ba su taɓa buɗe kafireto ba. Ɗabi'armu ta gyara abu maimakon jefar da shi ita ce ke rage kashe kuɗi: kafireto ƙirar Quadrajet da ke kan injin motata ban sauya shi ba, fakitin gasket da ƙananan kayan cikinsa na saya na sake haɗa shi a kan teburin gareji. Abin da gida bai koya mana ba shi ne cewa tsarin bawul na waɗannan tsofaffin injuna yana son baƙin mai mai sinadarin zink da yawa, wanda aka rage a man motocin zamani, don haka a nemi wanda aka yi domin su. Kayan hannu kuma ana samun su a kasuwannin baje koli irin na Carlisle da Hershey a jihar Fensilbaniya, inda ake taya kaya a yi ciniki, abin da ba sai an koya mana ba.

Game da kuɗi, ina ware abin da zan kashe a wata ne bayan an biya haya, an yi cefane, an tura na gida, kuma uwargida ta san adadin. Watan da babu rara, akwai aikin kankare tsatsa da wanke-wanke da ba ya cin komai sai lokaci. Ban yarda a ci bashi mai ruwa saboda abin sha'awa ba, ban kuma yarda da masu cewa jari ne ba, domin mafi yawan masu wannan gyara ba sa mayar da abin da suka zuba idan sun tashi sayarwa.

Masu burin loda motar a jirgin ruwa su kai ta Najeriya kuwa, su fara bincikar dokar kwastan da ta ƙayyade shekarun motar da za a shigo da ita, su tuna cewa tun da aka cire tallafin mai a 2023 lissafi ya canza, kuma tawa da ƙyar take yin kilomita shida da lita ɗaya. Ko famfon ruwa ne ya lalace, sai an yi odarsa daga ƙetare. A ganina wanda zai koma gida gara ya sayar da ita a nan, ya tafi da kayan aikinsa, ya nemi tsohuwar 504 ko Marsandi ya yi mata irin wannan hidima.

Daga ƙarshe, Malam Edita, ina roƙon jaridarka ta riƙa zantawa da tsofaffin kanikawanmu na Kano da Kaduna da Maraɗi a kan yadda suke saita kafireto da gane ciwon inji ta sautinsa, a buga bayanin dalla-dalla, domin mu da ke nesa muna da buƙatarsa.

Wassalam.

Naka mai karatu,
daga jihar Ohayo, Amurka