Kalmar chivalry ba jarumtaka kaɗai take nufi ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina cikin masu sauraron shirinku na koyon Turanci, kuma na rubuto ne saboda fassarar da aka yi wa kalmar chivalry a makon jiya, inda aka ce ma'anarta jarumtaka. Fassarar ta kama hanya amma ba ta kai gida ba, kuma ina gudun kada ɗalibai su haddace ta a haka.

Asalin kalmar Faransanci ne, daga cheval, wato doki, mahayinsa kuma chevalier. Ta shiga Turanci bayan mutanen Normandi na arewacin Faransa sun ci Ingila da yaƙi a 1066 sun mayar da Faransanci harshen fada. Da farko rundunar barade masu sulke da kwalkwali take nufi, daga baya ta koma kan halayen da ake tsammani daga barde: biyayya ga ubangidansa, cika alkawari, kare mai rauni, da sassauta wa abokin gaba idan ya miƙa wuya. Sai dai galibi manya ne ke yi wa manya wannan sassauci, domin barden da aka kama kuɗin fansa ne, dakare kuwa ba mai bin kadin jininsa. Kai, ko tsakanin manyan ma, a yaƙin Agincourt na 1415 Sarki Henry na Biyar na Ingila ya ba da umarnin kashe fursunonin Faransa.

Baturen yau kuwa, idan ya furta kalmar babu doki a ransa. Yana nufin namijin da ya riƙe wa mace ƙofa har ta wuce, ko ya tashi ya ba ta kujera a jirgin ƙasa, ko ya tuɓe kwat ɗinsa ya yafa mata ranar sanyi. Idan ya ce chivalry ta mutu, tsohon kuka ne yake maimaitawa, wanda Edmund Burke, wani ɗan siyasar Birtaniya, ya yi tun 1790 kan wulaƙancin da aka yi wa Sarauniya Marie Antoinette ta Faransa. Akwai ma matan da kalmar ke sosa musu rai, domin suna jin an ɗauke su raunana.

Saboda haka ina roƙon a gyara a shiri mai zuwa: in ana zancen tarihi a ce halin barade, in kuma zancen yau ne a ce karamci ga mata, a kuma kawo wa ɗalibai jimla ɗaya a kan kowace ma'ana.

Naka mai sauraro,
daga Zariya