Siyasar Amurka da rigar addini

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in taɓa siyasar Amurka, wadda aka daɗe ana cika mana kunne cewa abin koyi ce.

A 2008, wajen yaƙin neman zaɓe a Minesota, wata dattijuwa ta ce wa John McCain, ɗan takarar shugaban ƙasa, ba ta yarda da Obama ba, wai Balarabe ne. McCain ya karɓe makirufon, ya ce a'a, mutumin kirki ne, ra'ayi ne kawai ya raba su. Abokin hamayyarsa fa!

To, ran 6 ga Janairun 2021 magoya bayan Trump suka fasa ginin majalisa, wasu riƙe da gicciye da tutoci masu sunan Yesu, har suka tsaya addu'a a zauren majalisar dattawa. Wasu kuwa na ihun a rataye Mike Pence, mataimakin Trump a lokacin, mutumin da kowa ya san riƙonsa da coci, don ya ƙi soke sakamakon zaɓen da Trump ya faɗi.

A ganina, da zarar mutum ya ɗauka Allah ne ya tsayar da ɗan takararsa, duk wanda ya ja da shi ya zama maƙiyin Allah, zaginsa ma lada ne. A 2023 Marjorie Taylor Greene, 'yar majalisar wakilai mai tutiyar kishin Kiristanci, ta yi wa Biden ihun "maƙaryaci" yana tsakiyar jawabi a majalisa.

Naka,
Wani tsohon malamin makaranta, Zariya