Jami'o'inmu su waiwayi Maraɗi da Damagaram wajen musayar ɗalibai

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in yi tsokaci kan yadda jami'o'inmu na Arewa suke ƙulla hulɗar bincike da ƙasashen waje, musamman yanzu da asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund ya dakatar da tura malamai ƙaro ilimi a ƙetare tun daga watan Janairun 2025, saboda tsadar canji da kuma yadda wasu ke tafiya su ƙi dawowa.

Duk sanda aka tashi sa hannu kan yarjejeniya, Ingila ko Malesiya ake hange, alhali daga Katsina zuwa Maraɗi tafiyar 'yan awoyi ce a mota, kuma ga Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo a can, ga wata a Damagaram, ga ta Abdu Mumuni a Yamai. Geron da suke nomawa shi muke nomawa, wuta-wutar da ke cinye gonakinsu ita ke cinye namu.

Na taɓa tsayawa a wata gona kusa da Maraɗi ina kallon wani dattijo yana sassabe. Bai tumɓuke kututturen da ya toho ba, sai ya zaɓi rassa uku masu ƙwari ya bari, ya sare sauran, ya ce mini nan da 'yan shekaru inuwa ce da itacen girki da taki. Wannan dabara, wadda suke kira sassaben zamani, ta fara yaɗuwa ne daga yankin a shekarun 1980, kuma an ƙiyasta ta farfaɗo da itatuwa a kan hekta miliyan 5 a Nijar. Abin takaici shi ne ɗalibaina a takardun Turanci da aka buga a Turai suke karanta labarinta, babu wanda ya taɓa taka gonar da ƙafarsa.

Cibiyar Nazarin Noma a Ƙasa Mai Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero, wadda ta samu tallafin Bankin Duniya, tana karɓar ɗalibai daga ƙasashen maƙwabta, wanda ya nuna abin mai yiwuwa ne. Ana yawan fakewa da cewa su da Faransanci suke karatu mu kuma da Ingilishi, amma idan aka shiga gona, malami da ɗalibi da manomi duk Hausa suke yi.

Rufe iyaka da aka yi a 2023 da ficewar Nijar daga ECOWAS sun sa dole hulɗar ta zama a rubuce tsakanin jami'a da jami'a. Saboda haka ina kira ga shugabannin jami'o'in Katsina da Kano da Sakkwato da hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa (NUC) su fara da musayar zangon karatu ɗaya ga ɗaliban digiri na biyu a fannin noma, a kuma amince da makin da ɗalibi ya samo a can ba tare da an sa shi maimaita darasi ba.

Wassalam,
Wani malamin aikin gona, Katsina