Zuwa Ga Uwata, a Kan Wasanku da Takardar da Kuka Sa wa Hannu

Assalamu alaikum. Uwata, bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, saƙonki ya iso cewa sashenku zai gabatar da wasan kwaikwayon nan na Arthur Miller, The Crucible, kuma an ba ki matsayin Mary Warren. Na yi farin ciki, domin shi na koyar shekara da shekaru kafin in ajiye alli. Sai dai a makon nan ƙanwar mahaifiyarki ta zo da labarin da ya hana ni barci: wai wata ɗaliba ta faɗi a ɗakin kwananku tana sambatu tana kiran sunan wata, kuka rubuta takarda cewa mayya ce a kore ta, kuma sunanki yana cikin masu sa hannu.

Kin san abin da wasan ya ginu a kai. A garin Salem na Masacuset da ke Amurka, a 1692, an zargi mutum sama da 200 da maita, aka rataye 19, aka danne wani tsoho mai suna Giles Corey da duwatsu har ya cika. Miller ya fitar da wasan a 1953, lokacin da ake farautar 'yan gurguzu a Amurka, kuma shi kansa da kwamitin majalisa ya kira shi a 1956 ya ƙi ambaton sunan kowa. Sunan wasan ma tukunyar narka ƙarfe yake nufi, wadda wuta ke raba ƙarfen kirki da dattinsa a cikinta. A kotun nan, wanda ya amsa laifin ƙarya ya ambaci wasu shi ke tsira, wanda ya tsaya a kan gaskiya shi ke hawa igiya. Shi ya sa a cikin wasan baiwar nan Tituba, da ta ji ana maganar bulala da rataya, ta fara jero sunaye.

Ba na tsoron ki zama Abigail, jagorar 'yan matan da ke ƙaga wa mutane maita a wasan, domin ban haifi mai wannan zuciya ba. Mary Warren nake tsoro, wadda aka ba ki. Yarinyar nan ba muguwa ba ce. Ita ta ɗinka 'yar tsana tana zaune a kotu, ta soke allura a cikinta don ajiya, ta kai wa uwar ɗakinta Elizabeth kyauta, kuma wannan allurar aka mayar hujjar kama matar. Ta san ƙarya ce, har ta yi ƙarfin halin zuwa ta faɗa. Amma da sauran 'yan matan suka ɗaga kai suna ihun wai ga tsuntsu a rufin kotu, suna maimaita duk kalmar da ta fito daga bakinta, sai gwiwarta ta sage, ta juya ta nuna ubangidanta John Proctor, mijin Elizabeth. Tsoron zama ita kaɗai ne ya kai ta, kuma tun kina ƙarama na lura ba kya jure a ware ki. Wannan shi ne abin da nake ta juyawa a raina tun ranar Talata.

Ashe ke ce za ki sa hannu a irin wannan takarda, ke jikar gidan da aka yi wa Gwaggo abin da aka yi mata? Kin ga ɗakinta, kin ga ba ta sake zuwa rijiya da rana ba har ta koma ga Allah. Ranar da aka fito da ita tsakar gida aka ce ta tsallaka yaron, ina tsaye a bakin zaure ban ce uffan ba. Shekarata 16 a lokacin, manya ne ke magana, kuma da na buɗe baki da an haɗa da ni. Ke kuwa kina jami'a, kina haddace wasan nan kullum da yamma, ba ki da uzurin da nake da shi. Me kika gani da idonki? An kai mara lafiyar asibiti kuwa, an duba ko zazzaɓi ne ya hau mata kai? Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, balle a kan 'yar mutane da iyayenta suka turo karatu kamar yadda na turo ki.

Ki kula da Danforth kuma, babban alƙalin kotun, wanda ya ƙi ɗage hukunci saboda an riga an rataye mutum 12, kuma ja da baya zai nuna kotu ta yi kuskure. Ƙawayenki za su ce miki an riga an miƙa takarda, janyewa abin kunya ne. Proctor ma sai da ya sa hannu kafin ya yage tasa takardar ta amsa laifin maita, da ya tuna za a manna ta a ƙofar coci, 'ya'yansa su tashi da sunan.

Wataƙila an ƙara wa labarin gishiri, kuma idan haka ne ki yafe wa tsohonki zafin alƙalami. Idan kuwa gaskiya ne, ki je wurin shugabar ɗakin kwana ki cire sunanki, sannan ki nemi yarinyar ki gaishe ta a gaban mutane, ku ci abinci a kwano ɗaya. Mahaifiyarki tana gaishe ki, ta ba direba ƙuli-ƙuli da yaji ya kawo miki. Ki sanar da ni ranar wasan, in ƙafar ta bari zan zo. Allah Ya yi miki albarka.

Mahaifinki.